Hujjar lissafi a gaban na'ura: wa za a gaskata yanzu, malami ko kwamfuta?

Shekaru aru-aru, idan masanin lissafi ya ce ya warware wata matsala, hanya ɗaya ake bi kafin a gaskata shi. Zai rubuta hujjarsa, wasu masana biyu ko uku su karanta, su ce sun gamsu, sannan mujalla ta buga. Wannan tsari ne ya fara girgiza a ƴan shekarun nan, sakamakon wasu manhajojin kwamfuta da ke bin hujja taki-taki, su karɓa ko su ƙi, ba tare da duba sunan wanda ya rubuta ba.

A watan Yulin 2024, kamfanin Google DeepMind ya sanar da cewa manhajojinsa biyu, AlphaProof da AlphaGeometry 2, sun warware tambayoyi 4 cikin 6 na gasar lissafi ta duniya ta ɗaliban sakandare, wadda aka yi a birnin Bath na Ingila. Sun samu maki 28 cikin 42, wato maki ɗaya ya rage su kai matakin lambar zinariya. Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne yadda AlphaProof ta rubuta amsoshinta da wani harshe mai suna Lean, wanda kwamfuta ke iya tantance kowane layinsa. A watan Oktoba na wannan shekara kuma, wani malami a jami'ar Imperial ta Landan, Kevin Buzzard, ya fara aikin shekaru 5 na shigar da hujjar shahararriyar matsalar Fermat cikin wannan harshe.

Ga wanda ba malamin lissafi ba, batun zai iya zama kamar na nesa. Sai dai abin da ake taƙaddama a kansa tsohon abu ne da kowane ɗan kasuwa ya sani: shin maganar mai kaya za a bi, ko a ɗora a kan sikeli?

Gwaji daban, hujja daban

Likita ko masanin noma yana gwada abu sau da yawa, idan ya ga yana aiki sai ya ce ya tabbata. A lissafi gwaji bai isa ba, ko sau dubu nawa aka yi shi.

Ga misali da kowa zai iya bi da fensir. A ɗauki lamba, a ninka ta da kanta, a ƙara mata ita kanta, sannan a ƙara 41. Idan aka fara da 1 za a samu 43, da 2 a samu 47, da 3 a samu 53. Dukkansu lambobi ne da ba sa rabuwa cif sai da kansu ko da 1. A ci gaba da gwadawa har zuwa 39, sakamakon bai canja hali ba. Wanda ya tsaya a nan zai rantse ya gano wata ƙa'ida. Amma da an kai 40 sai a samu 1,681, wanda shi ne 41 sau 41. Ƙa'idar ta rushe. Masanin nan Leonhard Euler ne ya fito da wannan tsari tun a ƙarni na 18.

Saboda haka ne lissafi ya dogara da hujja: jerin matakai da ke farawa daga wasu ginshiƙai da aka amince da su, kowane mataki yana fitowa dole daga wanda ya gabace shi, har a kai ga sakamako. Idan kowane taki daidai yake, sakamakon ya tabbata har abada. Idan taki ɗaya ya gurɓace, duk abin da aka ɗora a kansa ya shiga shakka.

Matsalar ita ce, a zahiri masana ba sa rubuta kowane taki. Suna tsallake abin da suke ganin a fili yake, su ce wannan an riga an sani, wancan kuma yana bin irin hanyar da ta gabata. A irin waɗannan wurare ne kuskure ke ɓuya.

Inda idon masana ya gaza

Matsalar launi huɗu ta fi sauƙin fahimta. A 1852 wani ɗan Ingila, Francis Guthrie, ya lura cewa launi huɗu sun isa a shafe kowace taswira ba tare da ƙasashe biyu masu iyaka da juna sun zo da launi ɗaya ba. Taswirar Nijar ta nuna dalilin da ya sa uku ba za su wadatar ba. Maƙwabtanta bakwai, wato Najeriya, Benin, Burkina Faso, Mali, Aljeriya, Libiya da Chadi, sun kewaye ta kamar zobe, kowace tana iyaka da ta kusa da ita. Da yake bakwai ba ta rabuwa biyu, launi biyu ba za su zagaye zoben ba, sai an sa na uku. Nijar da ke taɓa su duka kuwa dole ta ɗauki na huɗu. Tambayar ita ce ko akwai taswirar da za ta buƙaci na biyar.

A 1879 Alfred Kempe ya buga hujjar cewa babu. Aka yarda da ita shekaru 11, sai a 1890 Percy Heawood ya gano kuskure a ciki. An jira har 1976 kafin Kenneth Appel da Wolfgang Haken na jami'ar Illinois ta Amurka su kawo wata hujjar, wadda kwamfuta ta shafe fiye da sa'o'i 1,000 tana duba ɓangarorinta. Masana da dama suka ja baya, domin babu ɗan Adam da zai iya bin wannan aiki da hannu.

Haka ta faru da hasashen Kepler na 1611, wanda ya ce babu wata hanyar jera abubuwa masu siffar ƙwallo da ta fi cike wuri kamar yadda masu sayar da lemu ke jera shi dala-dala, inda ake cike kimanin kashi 74 cikin 100 na wurin. Thomas Hales da ɗalibinsa Samuel Ferguson sun sanar da hujja a 1998. Mujallar Annals of Mathematics ta sa masana 12 su duba. Bayan shekaru 4 suka ce sun gamsu kashi 99 cikin 100, amma ba za su iya ba da shaida kan aikin kwamfutar da ke ciki ba. A fagen da ke alfahari da cikakken tabbaci, wannan kashi ɗaya da ya rage ba ƙaramin abu ba ne.

Labarin Vladimir Voevodsky ya fi tayar da hankali. Ɗan Rasha ne da ya samu lambar Fields a 2002, lambar da ta fi kowace daraja a lissafi. A farkon shekarun 1990 shi da Mikhail Kapranov sun buga wani sakamako. A 1998 masani Carlos Simpson ya nuna cewa sakamakon ba zai yiwu ya zama daidai ba, amma bai iya nuna layin da aka yi kuskuren ba. Voevodsky ya ci gaba da ganin shi ne da gaskiya har zuwa 2013. Shekaru 15 manyan masana biyu suna saɓani, babu alƙalin da zai raba gardama. Voevodsky ya ƙarar da ƙarshen rayuwarsa, har rasuwarsa a 2017, yana aiki kan yadda kwamfuta za ta riƙa tantance hujjoji.

Akwai ma rikicin da bai mutu ba har yanzu. A 2012 Shinichi Mochizuki na jami'ar Kyoto ta Japan ya fitar da shafuka kusan 500 da ya ce sun warware hasashen da ake kira abc. A 2018 masana biyu daga Jamus, Peter Scholze da Jakob Stix, suka je Kyoto suka tattauna da shi na mako guda, suka dawo suka ce akwai giɓin da bai toshe ba. Mochizuki ya ƙi amincewa. A 2021 aka buga aikin a mujallar cibiyarsa, wadda shi ne babban editanta, alhali akasarin masanan fannin a wasu ƙasashe ba su karɓe shi ba.

Yadda manhajar ke aiki

Manhajar tantance hujja ba ta da wayo irin na mutum, kuma ƙarfinta ke nan. Mai amfani da ita zai fara rubuta ma'anar kowane abu da yake magana a kai, da wani harshe mai tsauri da ba ya barin kalma ta ɗauki ma'ana biyu. Sannan ya rubuta maganar da yake son tabbatarwa. Daga nan ya shiga kawo matakai. A gefen allo manhajar na nuna masa abin da ya samu a hannu da abin da ya rage. Idan ya kawo matakin da bai fito daga na baya ba, sai ta ja masa jan layi ta tsaya. Ba ta jin an ce wannan a fili yake.

A can cikin manhajar akwai wani ɗan ƙaramin ɓangare da za a iya kira ƙwayarta. Aikinsa ɗaya ne: ya duba ko kowane taki ya bi ƴan ƙa'idojin tushe. Duk sauran ɓangarorin, komai girmansu, sai sun miƙa masa abin da suka samar ya duba. An yi shi ƙarami da gangan, don mutane su iya karanta shi duka, wasu ma su rubuta nasu daban su gwada ko za su samu sakamako iri ɗaya. Ke nan maimakon a dogara da shafuka 300 da mutum biyar kaɗai suka fahimta, sai a dogara da ɗan ƙaramin sikelin da dubban mutane suka gwada.

Tunanin ba sabo ba ne. Nicolaas de Bruijn na ƙasar Holan ya fara tsara Automath a 1967, Andrzej Trybulec na Poland ya fara Mizar a 1973. Amma a Faransa ne aka samu babban ci gaba na farko. A cibiyar bincike ta INRIA, Thierry Coquand da Gérard Huet suka aza harsashin manhajar Coq a tsakiyar shekarun 1980. Da ita Georges Gonthier da Benjamin Werner suka kammala tantance hujjar launi huɗu a 2005, aka rufe gardamar da ta faro tun 1976. A 2012 tawagar Gonthier ta gama tantance hujjar Feit da Thompson, mai shafuka 255 da aka buga a 1963. Aikin ya ci shekaru 6 da layi fiye da 150,000.

Shi ma Hales bai haƙura da kashi 99 ba. A 2003 ya ƙaddamar da aikin da ya kira Flyspeck, da taimakon masana daga ƙasashe da dama, ciki har da wata tawaga a Biyetnam. Sun yi amfani da manhajojin HOL Light da Isabelle, suka kammala a watan Agustan 2014. Hasashen Kepler ya tabbata bayan shekaru 403.

A watan Maris na 2025 an sauya wa Coq suna zuwa Rocq. Kalmar tana nufin zakara a Faransanci, amma a kunnen masu jin Ingilishi tana kama da kalmar batsa. Sabon sunan yana tuni da Rocquencourt, inda aka fara aikin.

Abin da Lean ya canja

Duk waɗannan nasarori aikin ƙwararrun kwamfuta ne, yawancin masanan lissafi suna kallo daga nesa. Lean ne ya jawo su ciki. Wani ɗan Brazil, Leonardo de Moura, ya fara tsara shi a 2013 lokacin yana sashen bincike na Microsoft. A 2017 masu amfani da shi suka fara tara wani rumbu na bai ɗaya mai suna Mathlib, inda duk abin da wani ya tabbatar ake ajiye shi don kowa ya ɗauka ya yi gini a kai. Rumbun ya haura layi miliyan ɗaya, ɗaruruwan mutane suka sa hannu, kuma kyauta ne.

Jarrabawa ta gaske ta zo a watan Disambar 2020. Peter Scholze, wanda ya samu lambar Fields a 2018, ya fito fili ya ce akwai wani sakamako da shi da Dustin Clausen suka samu, yana ganin mai yiwuwa shi ne mafi muhimmanci a duk aikinsa, amma hujjar ta yi sarƙaƙiyar da shi kansa yana da sauran shakka, kuma bai ga alamar wani ya zauna ya bi ta dalla-dalla ba. Ya ƙalubalanci masu Lean su tantance. Wata tawaga ƙarƙashin Johan Commelin ta karɓa. Cikin wata shida suka gama ɓangaren da ya fi damunsa, a watan Yulin 2022 suka kammala duka. Hujjar ta tsaya da ƙafarta. Scholze ya bayyana daga baya cewa aikin ya sa ya ƙara fahimtar dalilin da ya sa hujjarsa ke aiki.

Wannan ya nuna cewa suna, komai girmansa, ba ya maye gurbin dubawa. Sau da yawa ma girman sunan ne ke sa mutane su ɗauka ba sai sun duba ba.

Terence Tao na jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, shi ma mai lambar Fields, ya ɗanɗana haka. A watan Oktoban 2023, yana shigar da wata maƙalarsa cikin Lean, sai ya gano wani ɗan kuskure da ya wuce masa, ya gyara. Wata guda bayan haka shi da Timothy Gowers da Ben Green da Freddie Manners suka warware wani hasashe na Katalin Marton. Tao ya yanka hujjar gunduwa-gunduwa ya baza a intanet, kowa ya ɗauki abin da zai iya. Cikin kimanin mako uku aka gama tantancewa.

A nan ne sabon abu ya fito. A da, masani ba ya haɗa aiki sai da mutum biyu ko uku da ya sani ya kuma amince da su, domin kuskuren mutum ɗaya zai ɓata na kowa. Yanzu ba sai ya san mutum ba. Idan Lean ya karɓi gunduwar da ya kawo, magana ta ƙare. A watan Satumban 2024 Tao ya gwada abin a babban mataki: dokokin aljabara 4,694, da tambayar wace ce ke haifar da wace, wato tambayoyi fiye da miliyan 22. Gomman mutane suka shiga, malamai da ɗalibai da masu sha'awa kawai, tare da manhajoji, aka kammala a 2025.

Dalilin da ya sa kamfanoni suka shigo

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suna da wata cuta da aka sani. Suna iya rubuta ƙarya da cikakken ƙarfin hali, cikin lafazi mai daɗi. A lissafi suna iya zubo hujja mai kama da gaskiya wadda taki ɗaya a tsakiyarta ruɓaɓɓe ne. Idan irin wannan ya yi yawa, masu bitar mujallu, waɗanda aikin sa kai suke yi, ba za su iya ɗauka ba.

Haɗa ƙirƙirarriyar basira da manhajar tantancewa yana magance wannan. Ɗaya tana ta kawo shawarwari, ɗayar tana zubar da marasa kyau. Da haka aka horar da AlphaProof: ta yi ta gwaji a kan miliyoyin tambayoyi, Lean yana gaya mata inda ta dace da inda ta faɗi. A gasar 2025 da aka yi a Ostireliya, Google DeepMind da OpenAI sun ce manhajojinsu sun warware tambayoyi 5 cikin 6 da rubutu irin na mutane, yayin da kamfanin Harmonic ya ce tasa ta warware 5 da hujjojin da Lean ya tantance.

Kuɗin da ke shiga fagen ba don son lissafi kaɗai ba ne. Hanyar da ake tabbatar da hujja ita ce ake tabbatar da cewa manhaja ba za ta yi abin da ba a so ba. A 1994 wani kuskuren rabawa a ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Pentium ya ja wa Intel asarar dala miliyan 475. Ranar 4 ga Yunin 1996 rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya bayan tashinta, saboda wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata. A ɗaya ɓangaren, layi na 14 na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris, wanda ke tafiya ba direba tun 1998, an tabbatar da muhimman sassan manhajarsa da hujjar lissafi. Xavier Leroy ya yi amfani da Coq ya gina CompCert, manhajar da ke fassara rubutun masu tsara manhaja zuwa harshen na'ura, wadda Airbus ke cikin masu amfani da ita. Amazon, inda de Moura ke aiki yanzu, yana amfani da Lean wajen tabbatar da tsarin da ke yanke wa ke da izinin shiga wane bayani.

Abin da na'ura ba ta gani

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Manhajar tana ba da shaida kan abu ɗaya tak: cewa sakamakon ya fito daga abin da aka rubuta mata. Ba ta san ko abin da aka rubuta shi ne abin da ake nufi ba. Sikeli zai faɗi nauyin buhu daidai, amma ba zai ce gero ne a ciki ko yashi ba.

Misali, a Lean idan ana aiki da lambobin ƙirga, aka cire 3 daga 2, amsar da ke fitowa sifiri ce, domin babu abin da ke ƙasa da sifiri a wannan rukuni. Haka kuma an tsara cewa raba lamba da sifiri yana ba da sifiri, don sauƙaƙa aiki. Wanda bai kula da waɗannan ba zai iya rubuta tambayar da ta fi ta asali sauƙi nesa ba kusa ba, na'ura ta tabbatar da ita, ya fita yana shelar ya warware babbar matsala. Ƙirƙirarriyar basira ma ta iya bin irin wannan ɓarauniyar hanya idan an bar mata ƙofa. Ko a gasar 2024, mutane ne suka fassara wa AlphaProof tambayoyin zuwa Lean, kuma wasu sun ɗauke ta har kwana uku, alhali ɗalibai zama biyu kawai ake ba su, kowane na sa'o'i huɗu da rabi.

Saboda haka aikin ɗan Adam bai ƙare ba, wuri ya sauya. Maimakon karanta shafuka ɗaruruwa na hujja, yanzu masani zai zauna ne a kan ƴan layukan da ke bayyana tambayar da ma'anonin da ta dogara da su. Aikin ya ragu, amma wanda ya rage ɗin sai gwani.

Abu na biyu shi ne fahimta. Masana ba sa neman hujja don su ji an ce eh kawai. Suna so su san dalili, domin dalilin ne ke buɗe ƙofar tambaya ta gaba. Hujja mai layi dubu ɗari da na'ura ta rubuta, wata na'urar ta karɓa, tana iya zama gaskiya ba tare da ta koya wa kowa komai ba.

Na uku shi ne tsada. Shigar da shafi ɗaya na littafi cikin na'ura yana cin lokaci ninkin-ba-ninkin na rubuta shi, kuma fannoni da yawa na lissafin zamani ba su shiga rumbun ba tukuna. Shi ya sa rikicin Mochizuki bai zo ƙarshe da danna maɓalli ba. Kafin na'ura ta yi hukunci, sai an samu waɗanda suka fahimci hujjar sosai har su iya fassara ta, kuma a kan wannan fahimtar ce ake saɓani.

Na huɗu shi ne iko. Lean da Mathlib da Rocq a buɗe suke ga kowa. Manyan manhajojin da ke nemo hujja kuwa na kamfanoni ne, suna cin lantarki da na'urorin da jami'o'i ƙalilan ke iya saya. Sikelin na kowa ne, amma injin da ke samar da kayan yana hannun ƴan tsiraru.

Ina rabon jami'o'in nan?

Ga ɗalibin lissafi a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ko André Salifou a Damagaram, wannan sauyi yana da fuska biyu.

Fuska ta farko dama ce. Lissafi ba ya buƙatar ɗakin gwaji mai tsada, amma yana buƙatar wanda zai karanta aikin mutum ya gaya masa inda ya kauce, kuma wannan ne ke ƙaranci inda malami ɗaya ke fama da aji cike. Manhajar tantancewa tana yin wannan gyara nan take, dare ko rana. Akwai wasan koyo na kyauta a intanet mai suna Natural Number Game, wanda Buzzard da ɗalibinsa Mohammad Pedramfar suka tsara, inda ake farawa daga tabbatar da cewa 2 da 2 sun zama 4. Patrick Massot na jami'ar Paris-Saclay ya tsara wani salo na Lean da ɗaliban shekarar farko ke rubuta hujja da jimloli masu kama da Faransancin aji. Ga malamai kuma, a ƙasashen da ke bin tsarin hukumar CAMES, inda ƙarin girma ya dogara da abin da mutum ya wallafa, hujjar da na'ura ta riga ta tantance tana rage wa mai bita dalilin yin watsi da aiki don bai san sunan marubucin ko jami'arsa ba.

Fuska ta biyu shinge ce. Sauke Mathlib yana cin gigabait da dama, yana son kwamfuta mai ƙarfi da wutar da ba ta yankewa. Littattafan koyo da dandalin da masu Lean ke tattaunawa kusan duk da Ingilishi suke, abin da ke nufin ɗalibin da ya yi karatu da Faransanci yana da ƙarin tsani guda. Kuma manhajar ba ta koya wa mutum tunani daga sifiri. Wanda bai koyi mece ce hujja ba tun a lise, jan layin na'ura ba zai gaya masa komai ba.

Abin da ake buƙata don farawa bai fi ƙarfin sashen lissafi ɗaya ba: malami ɗaya ko biyu da suka koyi harshen, ɗaki mai kwamfutoci da aka riga aka sauke rumbun a kansu, da ƴan sa'o'i a mako cikin darasin shekarar farko. Irin wannan ƙaramin zama na mako-mako da ɗalibai ne Buzzard ya fara da shi a Landan a 2017.

Aikinsa kan matsalar Fermat zai kai 2029. Andrew Wiles ya sanar da hujjar a 1993, aka gano giɓi a cikinta, ya shafe fiye da shekara guda kafin ya toshe shi da taimakon Richard Taylor, aka buga a 1995. Ba a shakkar sakamakon a yau, amma ya dogara da dubban shafuka na ayyukan wasu da babu mutum ɗaya da ya karanta su duka. Burin Buzzard a wannan zango shi ne ya mayar da hujjar ta tsaya a kan abubuwan da aka riga aka sani kafin ƙarshen shekarun 1980. Jerin gunduwoyin da suka rage a buɗe yake a intanet, kuma manhajar da za ta karɓa ko ta ƙi ba ta tambayar daga wace ƙasa aka aiko.